Idan aka rufe wa ƙwayar gado baki, ƙarin ƙwaƙwalwa zai daina yawo?

Ɗalibar Lab:
Assalamu alaikum. Malamai da yayye, a taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ina karatu a kan giliyobilastoma, mafi munin ƙarin ƙwaƙwalwa a manya, kuma takardun binciken da nake cin karo da su kusan duk salonsu ɗaya. Za a ce an ga furotin kaza ya yi yawa a ƙarin. Sai a rufe wa ƙwayar gadon da ke samar da shi baki da siRNA. Sai a shimfiɗa sel-sel, wato ƙwayoyin halittar ƙarin, a faranti, a ja layi a tsakiya a kankare su, washegari a dawo a auna yadda suka cike gurbin. Waɗanda aka rufe wa baki ba su yi nisa ba, shi ke nan, sai a rubuta cewa an samo inda za a kai wa ƙarin hari. Irin wannan takarda ba ta ƙirguwa. To ina maganin? Har yau babu wani magani da aka amince da shi wanda aikinsa shi ne hana waɗannan sel-sel ratsa ƙwaƙwalwa. Hanyar ce ba ta da kai, ko ni ce ban gane ba?

Baƙo Mai Koyo:
Wa alaikumus salam. Kafin manya su fara, don Allah a tausaya mana mu da ba fanninmu ba ne. Rufe bakin nan yaya ake yinsa? Cire ƙwayar gadon ake yi?

Malam Biyokem:
Ba cirewa ake yi ba, tana nan daram a cikin DNA. Ka san ƙwayar gado ba ita ke fita ta yi aiki da kanta ba. Ana kwafar saƙonta a kan RNA, saƙon ya fita daga cibiyar sel, a karanta shi a haɗa furotin. To siRNA guntun RNA ne mai igiya biyu, tsawonsa harufa 21 ko kusa da haka, an tsara shi ya dace da wani yanki na wancan saƙon. Idan ya shiga sel, wani gungun furotin da ake kira RISC ya ɗauke shi, ya yar da igiya ɗaya, ya riƙe ɗayar a matsayin jagora. Duk inda ya ga saƙon da ya dace da ita, furotin Argonaute ya datse shi. Saƙo ya lalace, furotin ya ragu.

Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana wannan hanyar rufe baki, wadda ake kira RNAi, a 1998, a jikin wata 'yar ƙaramar tsutsa, suka ci kyautar Nobel a 2006. A 2001 ɗakin binciken Thomas Tuschl a Jamus ya nuna gajerun guntayen suna aiki a sel ɗin mutum ma. Daga nan kowa ya samu wuƙa a hannu. Ka lura da abu biyu: ragewa ake yi, ba a kashewa ƙurmus, kuma bayan kwanaki kaɗan furotin ɗin yana dawowa, musamman a sel masu saurin rabuwa.

Likitan Tiyata:
Ƙanwata, tambayarki a kan hanya take, amma bari na faɗa miki dalilin da ya sa ba za a bar maganar yawon nan ba ko da an gaji. Shi ne ainihin abin da ke kashe majinyacin. Giliyobilastoma da wuya ya bar ƙwaƙwalwa ya koma huhu ko hanta yadda sauran cututtukan daji (kansa) ke yi. A cikin gida yake ɓarnarsa. Abin da muke gani ya haska a hoton MRI za mu iya cire shi, wani lokaci kakaf, hoton bayan tiyata ya fito fes. Amma sel-sel ɗaiɗaiku sun riga sun yi gaba, sun shige cikin naman da yake magana, yake motsa hannu, yake tuna sunan 'ya'ya. Ba mai yanka wannan. Mafi yawan lokuta ƙarin yana dawowa ne a cikin santimita biyu daga bakin ramin da aka bari.

An taɓa gwada wuce gona da iri ma. A 1928 Walter Dandy a Amurka ya ba da rahoton cire rabin ƙwaƙwalwa sukutum. Waɗanda suka tsallake tiyatar, ƙarin ya sake ɓullowa ya kashe su. A 1938 kuma Hans Scherer, wani masanin duba nama Bajamushe, ya zauna da madubin ƙara girma ya zayyana hanyoyin da suke bi: gefen jijiyoyin jini, kan fararen igiyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ta, da kewayen sel-sel na jijiya. Ta kan babbar gadar da ta haɗa hagu da dama suke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Abin da ya gani shi muke gani har gobe.

Mai Shakka:
Likita, ba wanda ya musa cewa yawon matsala ne. Abin da yarinyar nan ta tambaya shi ne ko waɗannan takardun suna da amfani, ni kuma amsata a'a, akasarinsu cika shafi ne. A duba da me ake gwajin. U87 ne kusan kullum, sel-sel da aka ɗauko daga wani majinyaci a Uppsala ta ƙasar Suwidin tun shekarun 1960. A 2016 masu bincike na can Uppsala suka gwada DNA, suka tarar U87 ɗin da ake sayar wa duniya ba daga ƙarin asalin ya fito ba. Kuma idan ka dasa shi a kan ɓera, dunƙulewa yake yi wuri ɗaya da iyakarsa tsaf. Ba ya ratsawa! Wato ana nazarin yawo da sel ɗin da ya manta yadda ake yawo. Wannan ai aikin baban giwa ne.

Ɗalibar Lab:
Yaya, wannan kam ta taɓa ni, don U87 ne a firjinmu.

Malam Biyokem:
Mai Shakka ya faɗi gaskiya a kan U87, kuma zan ƙara masa hujja kafin na rabu da shi. Farantin kansa matsala ne. A kan roba sel yana tafiya a fili: ya miƙa gabansa ta hanyar haɗa zaruruwan aktin, wanda Rac1 da Cdc42 ke jagoranta, ya kama ƙasa da furotin intagirin, sannan RhoA ya sa mayosin ya ja bayan jikin. Babu abin da ya tare shi. A ƙwaƙwalwa kuwa ratar da ke tsakanin sel da sel ba ta kai maikiron ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), cibiyar sel kuma ta ninka haka sau da yawa, ga ta da tauri. Wani bincike na 2008 ya nuna sel ɗin giliyoma, dangin ƙarin da giliyobilastoma ke ciki, yana iya tafiya a fili ko da an hana mayosin na biyu aiki, amma da zarar ya zo matsatsin da ya fi cibiyarsa ƙanƙanta, sai ya maƙale. Kin ga abin da wannan ke nufi? Furotin ɗin da ya fi muhimmanci a ƙwaƙwalwa, gwajin kankare faranti zai iya ce miki ba shi da wani amfani. Akasin haka ma yana faruwa.

Akwai kuma wata dabara da farantin ba zai nuna ba sam. Ɗakin binciken Harald Sontheimer ya daɗe yana nuna cewa sel ɗin yana tara sinadarin kulorayid a cikinsa, idan ya zo matsatsi sai ya buɗe ƙofofi ya fitar da kulorayid da fotasiyam, ruwa ya bi su, jikinsa ya motse da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya wuce. Kamar mai ɗauke da kaya ne ya zo ƙaramar ƙofa, ya sauke wasu ya shige, ya sake ɗauka a gaba. Su ne kuma suka nuna sinadarin biradikainin yana janyo sel-sel ɗin zuwa gefen jijiyoyin jini. Sannan naman ƙwaƙwalwa ba irin na fata ko ƙashi ba ne, kolajin kaɗan ne a cikinsa, hayaluronan ya fi yawa, wanda sel ke kamawa da CD44. Wanda ya shafa kolajin a faranti ya ce yana kwaikwayon ƙwaƙwalwa, da sauran rina a kaba.

Mai Shakka:
To Malam, ai ka gama min aiki. Ina rabuwar take?

Malam Biyokem:
Ga ta. Laifin faranti da U87 ka ɗora wa rufe baki. A 2015 ƙungiyar Frank Winkler a Heidelberg ta dasa sel-sel da aka ɗauko daga majinyata a kan ɓeraye, ta yi wa ƙoƙon kan taga, tana kallonsu da rai tsawon makonni. Suka ga sel-sel ɗin suna miƙa wasu dogayen zaruruwa siraran gaske, da su suke leƙa gaba su ratsa, da su kuma suke haɗuwa da juna su zama raga ɗaya, suna aika wa juna saƙon kalsiyam ta ƙofofin koneksin 43. Waɗanda ke cikin ragar sun fi jure gashin radiyeshan. Ta yaya aka tabbatar zaruruwan ne sila, ba ado ba? Rufe wa GAP-43 baki aka yi, furotin da jijiyoyi ke amfani da shi wajen miƙa kansu lokacin da ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa. Zaruruwan suka kasa fita, ratsawar ta ragu, radiyeshan ya fi cin ƙarin. Wuƙar ɗaya ce da ta takardun da kake zagi. Wurin da aka yi yankan ne ya bambanta.

Likitan Tiyata:
Abin da ya fi tayar min da tsikar jiki ya zo ne a 2019, daga Heidelberg ɗin da kuma ɗakin Michelle Monje a Stanford: jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ƙwarai suna ƙulla mahaɗa ta gaskiya da sel-sel ɗin ƙarin, suna zuba musu gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ta masu karɓa na AMPA. Wato aikin ƙwaƙwalwar kansa yana ciyar da ƙarin gaba. Wannan babu yadda za a gan shi a farantin da babu jijiya ko ɗaya.

Mai Shakka:
Na yarda aikin Heidelberg aiki ne. Amma wuƙar ma ba ta da tsarki yadda Malam ke nunawa. siRNA ba ya tsayawa a kan saƙon da aka aike shi. Harufa na 2 zuwa na 8 na igiyar jagora kaɗai sun isa su sa ya manne wa wasu saƙonni da dama ya rage su, irin yadda maikuro-RNA na jiki ke yi. Kai kana murna ka rufe baki ɗaya, ashe ka toshe gwammai. Labarin furotin MELK ya ishi kowa. Shekaru ana buga takardu da RNAi cewa kansa ba ta rayuwa sai da shi, har da giliyobilastoma a ciki, an kai ga gwada magani a kan mutane. A 2017 ɗakin Jason Sheltzer ya goge ƙwayar gadonsa gaba ɗaya da CRISPR, almakashin yanka DNA, a sel-sel na ciwon daji iri-iri, suka ci gaba da girma abinsu. Maganin kuma ya ci gaba da kashe sel ɗin da babu MELK a cikinsa, ashe wani wuri dabam yake duka.

'Yar Famasi:
Ku ba ni wuri na shigo, don duk kun tsaya a lab. A ɗauka an samo ƙwayar gadon ta gaskiya, babu kuskure. Yaya za a kai siRNA wurinta a jikin mutum? Ƙato ne idan aka kwatanta da magungunan da aka saba, yana ɗauke da cajin lantarki, jini yana narkar da shi, ƙoda tana tace shi. Maganin siRNA na farko da aka amince da shi, patisiran, sai 2018 ya fito, shekara 20 bayan Fire da Mello, kuma hanta yake nufa. Waɗanda suka biyo bayansa ma hanta. Dalili kuwa hanta ce ke kwashe akasarin irin waɗannan magungunan idan aka zuba su a jini. Ƙwaƙwalwa tana da shingenta, sel-sel ɗin bangon jijiyoyin jininta a ɗinke suke gam.

Ga inda abin ya fi ciwo. A tsakiyar ƙarin shingen ya lalace, shi ya sa ma ruwan hoto ke shiga ya haska. Amma tsakiyar ai Likita ya cire ta. Sel-sel ɗin da muke nema, masu yawon, suna can inda shingen yake lafiya lau. Kuma ko guntun ya isa sel, yana maƙalewa a 'yar jakar da sel ya haɗiye shi da ita; an auna a hanta an ga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne kawai ke kuɓuta ya kai ga RISC.

An ɗan taɓa wani abu dai. A jami'ar Northwestern an jera siRNA a jikin ƙananan ƙwallayen zinare, ana nufin ƙwayar gadon Bcl2L12, aka ba majinyata takwas ta jijiya kafin tiyata. Rahoton 2021 ya nuna an sami zinaren a cikin ƙarin da aka ciro. Gwajin isa wuri ne, ba na warkarwa ba, kuma ba yawo aka nufa da shi ba.

Baƙo Mai Koyo:
To me zai hana a bar siRNA a nemi ƙwayar magani ta yau da kullum da za ta toshe furotin ɗin tafiyar?

Likitan Tiyata:
An yi, ɗan'uwa. Silengitayid yana toshe intagirin guda biyu, an sa masa rai sosai, babban gwajinsa ya fito a 2014 babu ƙarin kwana ko kaɗan. Marimastat, mai hana almakashin MMP da sel ke yanka hanya da su, shi ma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sai bebasizumab, wanda ba don yawo aka yi shi ba, don hana ƙarin toho da sababbin jijiyoyin jini ne. Manyan gwaje-gwaje biyu a 2014 sun nuna hoto yana kyau, kumburi yana sauka, amma tsawon rai bai ƙaru ba. A ɓeraye an ga dalili ɗaya: idan aka toshe VEGF, furotin da ke kiran sababbin jijiyoyin jini wanda bebasizumab ke nufa, sai hanyar wani furotin mai suna MET ta farka, sel-sel su ƙara bazuwa. Dama ƙarancin iskar oksijin yana kunna furotin HIF-1, shi kuma yana cewa a tashi a bar wurin. An gudu ba a tsira ba.

Ni a ganina matsalar ita ce sel ɗin ba hanya ɗaya ya sani ba. Ka hana shi gefen jijiyar jini, ya bi farar igiya. Ka hana shi yanka hanya, ya motse ya kurɗa.

Malam Biyokem:
Akwai wani ɓangare da ba mu taɓo ba, kuma shi ne inda rufe baki ya riga ya shiga asibiti, sai dai ba mu ne muka rufe ba. Ƙarin da kansa yana rufe wa wasu ƙwayoyin gadonsa baki, ta hanyar liƙa ƙananan alamomin metil a kan DNA a mashigar ƙwayar gadon, sai a daina kwafarta. Yawanci masu taka masa birki yake yi wa haka. Amma wani lokaci yana rufe wadda yake buƙata. MGMT furotin ne mai gyara, yana cire irin tabon da maganin daji temozolomayid ke yi wa DNA. Idan ƙarin ya rufe MGMT, ya rasa mai gyara, magani ya kama shi.

Likitan Tiyata:
Ƙwarai. Gwajin Roger Stupp na 2005, wanda har yau a kansa ake tafiya: radiyeshan kaɗai, matsakaicin rai wata 12.1; da temozolomayid, wata 14.6. A cikin majinyatan nan Monika Hegi ta duba MGMT. Kusan kashi 45 cikin ɗari nasu a rufe yake, kuma su idan sun sami maganin sun kai wata 21.7. Waɗanda nasu ke buɗe, wata 12.7. Shi ya sa ake aika naman a duba wannan alamar, musamman ga tsofaffi, lokacin da ake shawarar wane magani jikinsu zai ɗauka.

Ɗalibar Lab:
To Malam, me ya sa ba za mu rufe MGMT da hannunmu ga sauran ba?

'Yar Famasi:
An gwada da wani sinadari, O6-benzilguwanin, mai kashe furotin ɗin kai tsaye. Ya kashe shi a ƙarin, ya kashe shi a ɓargo ma. Jinin majinyata ya faɗi, dole aka rage yawan maganin kansar, ribar ta tafi a nan. Mun dawo kan maganata ke nan: ba rufewar ce ke da wuya ba, rufewa a wuri ɗaya a bar sauran jiki.

Mai Shakka:
Kuma MGMT ba shi da alaƙa da yawo, kada a ruɗa yarinya. Har yanzu ba wanda ya nuna min majinyaci ɗaya da aka tsayar wa ratsawar.

Malam Biyokem:
Ba za a nuna maka ba tukuna. Amma ka dubi IDH. A 2008 aka gano sauyi a ƙwayar gadon IDH1 a giliyoma. Daga baya aka gane furotin ɗin da ya sauya yana ƙera wani sinadari da ke hana a goge alamomin metil, sai su taru, ƙwayoyin gado masu yawa su yi shiru. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba masu wannan sauyin daga giliyobilastoma kwata-kwata. A Agustan 2024 Amurka ta amince da borasidenib, maganin da ke toshe furotin ɗin da ya sauya, ga masu giliyoma mai mataki na biyu. Shekara 16 daga lab zuwa kwalba, kuma ya fara ne da irin aikin da kake cewa cika shafi.

Mai Shakka:
Da jera DNA na majinyata ya fara, Malam, ba da kankare faranti ba.

Ɗalibar Lab:
Ni dai aikin yana gabana, kuma ba ni da ɓera mai taga a ka. Da abin da ke hannuna, me zan yi don kada takardata ta shiga sahun da Yaya Mai Shakka ke nufi?

Malam Biyokem:
Ki yi amfani da siRNA aƙalla biyu masu jerin harufa dabam-dabam, su ba ki sakamako ɗaya. Ki nuna furotin ɗin ne ya ragu, ba saƙon kaɗai ba. Sannan ki mayar da ƙwayar gadon cikin sel ɗin a siffar da siRNA ɗinki ba zai gane ta ba. Idan tafiyar ta dawo, kin yi maganin zancen MELK. A gwajin kankarewa kuma ki kula, gurbin yana cikewa ta hanya biyu, tafiya da rabuwa. Idan abin da kika rufe yana rage rabuwa ko yana kashe sel, za ki ga gurbi a buɗe ki ɗauka tafiya ce ta tsaya. Ki sa maitomaisin ki dakatar da rabuwar, ko ki ɗauki hotuna a jere ki bi sel ɗaya-ɗaya. In da hali ki nemi sel-sel na majinyaci da aka raina ba tare da ruwan jini ba, ki dunƙula su ki ɗora a kan siririn yankan ƙwaƙwalwar ɓera. Yankan yana rayuwa kwanaki, kuma yana da matsatsin da jijiyoyin da roba ba ta da su.

Likitan Tiyata:
Ki ƙara da duba ko furotin ɗin yana nan a bakin ƙarin, ba a tsakiya kaɗai ba. Yawancin naman da ke isa lab daga tsakiya muke ciro shi, sel-sel ɗin bakin kuwa abin da suke kunnawa ya bambanta. Sannan akwai tambayar da nake so 'Yar Famasi ta amsa min. A ce gobe an kawo maganin da ke tsayar da yawon cak. Ranar da majinyaci ya fara zuwa wurina da farfaɗiya ko ciwon kai, sel-sel sun riga sun bazu. MRI ba ya ganin ɗaiɗaikunsu. Da me za a auna cewa maganin ya yi aiki?

'Yar Famasi:
Da tsawon rai kawai, Likita, ko da inda ƙarin ya sake fitowa, kusa da ramin ko nesa. Kuma shi kaɗai ba zai wadatar ba, don sel ɗin da ya tsaya bai mutu ba. Tun 1996 Alf Giese da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa sel ɗin giliyoma idan yana tafiya ba ya cika rabuwa, idan ya tsaya sai ya koma rabuwa. Radiyeshan da temozolomayid kuwa mai rabuwa suka fi ci. Don haka in ni ce mai tsara gwajin, tare zan ba da su, mai tsayarwar ya riga radiyeshan shiga, a ci gaba da shi har a gama gashin.

Mai Shakka:
Wannan ƙa'idar ta tafiya ko rabuwa ma ba kowa ya yarda da ita ba, an ga sel-sel da ke yin duka biyun. Ɗalibar Lab, wane furotin ne naki? Ki faɗa mana, mu duba ko wani ya riga ya goge shi da CRISPR kafin ki kashe kuɗin siRNA.